Rinin Shibori na Japan Don Kayan Ɗaki: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara rina labulaye da rigunan filo da hannuna, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, ko a gidan biki ko a tsakar gidana idan baƙuwa ta tarar da yadi a kan igiya yana ɗiga. Ga su nan na tattara, daga na wadda yau ta fara jin sunan har zuwa na wadda faratanta suka riga suka yi shuɗi.

Mene ne shibori?

Shibori hanya ce ta rina yadi a ƙasar Japan, inda ake ɗaure yadin, ko a ɗinke shi, ko a ninke, ko a matse shi, kafin a tsoma shi a ruwan rini. Inda aka matse, rini ba ya shiga, sai wurin ya fito fari. Kalmar ta fito ne daga aikatau na Japananci, shiboru, wato matsewa ko murɗewa, irin yadda ake matse wanki. Sunan ma bai ambaci launi ba, ɗaurin ya ambata, kuma a nan aikin yake. Rinin minti kaɗan ne, ɗaurin kuwa yana iya cin yini, ko wata, ko shekara.

To ai mu ma muna da rinin ɗauri. Ina bambancin?

Muna da shi, kuma ba aro muka yi ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau ana kai mata yadi ɗaurarre da zare a tsoma a karofi. Yarabawan Abeokuta suna da adire, na ɗauri da na ɗinkin allura da na kunun rogo. Indiyawa suna da bandhani. Dabarar hana rini shiga wani wuri ba ta mutum ɗaya ba ce.

Abin da Japanawa suka yi daban shi ne sun rarraba dabarar gida-gida, kowace hanya da sunanta da ƙa'idarta, har a garin Arimatsu kaɗai ana lissafa salo sama da 100. A al'adar garin mutum yakan ƙware a salo ɗaya ne rak, ya tsufa a kansa. Akwai kuma hanyoyi biyu da ba kasafai ake ganinsu a wajenmu ba, wato naɗi a jikin sanda da matsewa tsakanin katako. Ni a ganina shuni ba shi ne abin koyo daga wurinsu ba, wannan muna da shi tun kaka da kakanni. Abin koyo shi ne tsaftar ninki, da haƙurin barin fari ya zauna fari ba tare da an cika yadi da ado ba.

Yaushe aka fara shi a Japan?

Tsofaffin ƙyallayen da suka rage suna cikin ma'ajiyar Shosoin ta haikalin Todaiji a birnin Nara, cikin kayan ƙarni na 8 na zamanin Sarki Shomu. Daga baya sana'ar ta rabu gida biyu. A Kyoto ana yin ta a kan siliki, ɗigo-ɗigo ƙanana, don manyan mutane. Tsadar rigar da aka cika da irin wannan ɗigo ta kai ga gwamnati ta hana sa ta a dokar rage almubazzaranci ta shekarar 1683.

Ɗaya gidan na talakawa ne. A shekarar 1608 aka kafa ƙauyen Arimatsu a bakin hanyar Tokaido, babbar hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yanzu, da Kyoto. Ƙasar wurin ba ta noman shinkafa ba ce, sai wani mutum mai suna Takeda Shokuro da mutanensa suka koma rina ƙananan tawul na auduga suna sayar wa matafiya tsaraba. Yau Arimatsu unguwa ce a cikin birnin Nagoya, kuma duk farkon watan Yuni ana bikin shibori a titunanta. Irin wannan na auduga da shuni shi ne ya fi dacewa da kayan ɗaki, kuma a kansa yawancin amsoshin nan suke.

Waɗanne salo ne ya kamata in san sunayensu?

Shida sun isa a fara da su. Kanoko shi ne a tsinci ɗan wuri a yadi a ɗaure da zare, ya fito zobe-zobe, kuma sunan yana nufin ɗigon jikin ɗan barewa. Shi ya fi kama da namu. Miura ana ɗaga yadin da ƙugiya a zagaya zare ba tare da ƙulli ba, zanen ya fito kamar ruwa mai motsi. Kumo ma'anarsa gizo-gizo: a tattare yadi ya yi tsini a naɗe shi da zare daga gindi zuwa sama, in an kwance sai ga saƙar gizo. Nui na allura ne, a ɗinka a ja zaren yadin ya tattare. Arashi, wato guguwa, shi ne na jikin sanda. Itajime shi ne na ninki da katako.

Na yi bayanin itajime a amsa ta gaba, arashi da nui kuma kowanne yana da tambayarsa a ƙasa.

Da wanne zan fara, kuma yaya ake yi?

Da itajime. Ba ya buƙatar allura, ana gama ɗaurinsa cikin minti 20, kuma ko hannu bai faɗa ba yana fitowa da kyau. A samu yadi murabba'i, kamar santimita 50 kowane gefe. A ninka shi gaba da baya, gaba da baya, kamar yadda yara ke ninka takarda su yi mafici, har ya zama doguwar tsiri. Kowane ninki a bi shi da dutsen guga, kada a yi ƙyuya a nan. Sai a sake ninka tsirin gaba da baya, ko dai murabba'i-murabba'i ko kusurwa uku-uku, har ya dunƙule ya zama ɗan tudu.

A sa katako ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda suka ɗan gaza yadin faɗi, a ɗaure tamau da igiya ko robar tayar keke da aka yanka. Abin da ya leƙo daga gefen katako shi zai sha rini. Ninkin murabba'i yana ba da zane kamar tagogi, na kusurwa uku kuma yana ba da taurari ko gidan zuma. Akwai wani reshensa da ake kira sekka, furen ƙanƙara, inda gefe ko kusurwa kawai ake tsomawa. Yanzu ana sayar da shi da tsada, alhali a da har ƙyallen ɗaura wa jarirai ake yi da shi a Japan saboda saurin aikinsa.

Wane irin yadi ne ke karɓar rinin?

Wanda ya fito daga tsiro ko dabba: auduga, lilin, siliki, ulu. Alawayyo da akoko suna da arha kuma suna karɓa sosai, farar shadda ta auduga ma haka, kuma saƙar jikinta tana ƙara wa zanen kyau. Yadin roba irin foliyesta ba ya shan shuni, komai daɗewarsa a ciki. Mai shakka ya yanki ɗan ƙyalle ya kusanta shi da ashana: auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Sabon yadin auduga yana zuwa da sitaci da maiƙon masana'anta. Dole a tafasa shi kamar awa ɗaya da sabulu da ɗan sodar wanki, a ɗauraye, kafin a taɓa ɗauri. Ruwan da zai fito kamar shayi zai ba ku mamaki. Yawancin dabbare-dabbaren da ake ɗora wa ruwan rini laifi, daga tsallake wannan tafasar suke.

Dole ne sai da shuni? Ba za a yi da ja ko kore ba?

Ba dole ba ne. Rigunan Kyoto suna da ja da shunayya da ruwan ɗorawa. Amma shuni yana da halin da ya dace da ɗauri: ba ya saurin kutsawa cikin matsi, a saman zare yake kwanciya, don haka layi yakan fito tas, da ɗan inuwa mai haske a bakinsa. Rinin kanti mai narkewa a ruwa yana bin duk wata kafa, sai farin ya ragu. In da shi za a yi, a ƙara ƙarfin ɗauri a rage lokacin jiƙo.

Tsiron da Japanawa ke samun shuni daga gare shi ba irin baban rinin da muke da shi ba ne, wani ganye ne daban da suke kira tade-ai, wanda aka fi nomawa a Tokushima, bakin kogin Yoshino. Suna tara busasshen ganyen suna yayyafa masa ruwa suna juyawa kimanin kwana 100 har ya ruɓe ya zama abin da suke kira sukumo. Sinadarin launin dai ɗaya ne da na baba, ɗaya ne kuma da shunin masana'anta da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897.

Me ya sa yadin ke fitowa kore daga bokiti, sannan ya koma shuɗi?

Saboda shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an sa shi a ruwa mai kaifin toka, an kuma janye iskar da ke cikin ruwan, sannan yake sauya kama ya narke, launinsa ya koma tsakanin kore da ruwan ɗorawa. A wannan halin yake shiga zare. Da an fito da yadin ya sha iska, sai ya koma shuɗinsa na asali, ya maƙale a inda yake. Wannan shi ya sa ba a buga ruwan rini, ba a ɗaga yadi a bar shi yana ɗiga cikin bokitin. Duk kumfar iskar da ta shiga, ƙarfin ruwan take ragewa.

Yaya zan haɗa ruwan rini a gida?

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai yara a gida ita ce ta masanin rinin nan na Faransa, Michel Garcia, wadda ake kira 1-2-3: kashi 1 na garin shuni, kashi 2 na hodar laim, kashi 3 na furaktos, wato sukarin 'ya'yan itace. Ga bokiti mai lita 10, gram 25 da 50 da 75 ke nan. A fara dama shunin da ruwan ɗumi a kwalba, a jefa 'yan tsakuwa a girgiza har gudajin su mutu. A zuba a ruwa mai zafi da bai kai tafasa ba, a sa furaktos, a sa laim a ƙarshe, a juya a hankali, a rufe. Bayan awa ɗaya zuwa kwana, za a ga saman ruwan yana ƙyalli kamar tagulla, da kumfa shuɗiya a tsakiya. Japanawa suna ce wa kumfar furen shuni. In aka ɗebo ruwan ƙasa a cokali aka ga ya yi kalar zuma ko kore-kore, ya nuna.

Abu biyu ke kayar da mutane. Sukarin shayi ba ya wannan aiki, amma ruwan dafaffen dabino, ko na ayaba da ta nuna lugub, ko na lalle, suna yi. Sannan laim ɗin da ake nufi shi ne kalsiyam haidiroksaid, ba allin farar ƙasa ba.

Akwai hanyar soda mai ƙuna da haidirosalfait, wadda masu rinin zamani ke amfani da ita. Tana da sauri, amma tana cin fata tana kuma da wari mai shaƙe maƙogwaro. Mai yin ta ya sa safar hannu ta roba, ya yi a fili, ya zuba soda a ruwa ba ruwa a soda ba. Ko wace hanya aka bi, kada a yi a tukunyar alminiyam, kuma mazubin da ya ga rini ya yi sallama da kicin.

Zan iya ɗaurewa a gida in kai marina su rina?

Sosai ma, kuma ga babban labule ko zanin gado hakan ya fi. Karofi yana da zurfin da bokiti ba shi da shi, marini kuma ya san ruwansa fiye da yadda za mu san namu a shekarar farko. A jiƙa ɗaurin da ruwa kafin a miƙa, a faɗa masa kada ya kwance, a kuma nuna masa duhun da ake so da ɗan ƙyalle, don in aka bar shi da ra'ayinsa zai kai shi baƙi ƙirin, irin na turkuɗi.

Sau nawa ake tsomawa?

Duhu ba daga daɗewa a ruwa yake zuwa ba, daga yawan tsomi yake. A tsoma minti 5 zuwa 10, ana ɗan mammatsa ɗaurin a ƙarƙashin ruwa, a fito da shi ya sha iska minti 15 ko 20 har koren ya ɓace, a mayar. Tsomi 3 yana ba da shuɗin sama, 8 zuwa 10 yana ba da mai duhu. Jiƙaƙƙen yadi yana yaudara, in ya bushe sai ya yi haske, don haka a ƙara tsomi biyu a kan inda ido ya ce ya isa.

Japanawa sun raɗa wa matakan suna. Cikin masu haske sosai akwai kamenozoki, leƙen tulu, kamar yadin leƙawa kawai ya yi ya fito. Cikin masu duhu sosai akwai kachi-iro, wanda mayaƙan samurai suka so saboda kachi ta yi kama da kalmarsu ta nasara.

Wane salo ya dace da wane kayan ɗaki?

A gidajen Japan akwai abubuwa uku da suka saba da wannan rini. Noren ɗan labule ne mai tsaga a tsakiya da ake ratayawa a ƙofar shago ko tsakanin ɗaki da ɗaki, sau da yawa bai kai ƙasa ba. Zabuton matashin zama ne a ƙasa, faffaɗa, wanda mai zaman tabarma ko darduma zai gane amfaninsa nan take. Furoshiki ƙyalle ne murabba'i na ƙunshe kaya, amma ana shimfiɗa shi a kan ƙaramin tebur ko a sa shi a firam a rataye.

Ƙa'idar da nake bi ita ce a duba daga ina za a kalli abin. Labule daga nesa ake ganinsa, to yana son zane babba: da'ira ɗaya ta nui da ta ratsa tsagar noren, ko layukan arashi daga sama har ƙasa. Rigar filo da shimfiɗar tebur a kusa suke, suna ɗaukar ƙananan kumo ko itajime. Zanin gado kuwa ina ba da shawarar a rina shi shuɗi zalla a yi ado a baki kawai. Kuma kada a tara salo huɗu a falo ɗaya. Na taɓa yi, ɗakin ya koma kamar rumfar mai sayar da yadi. Abu biyu masu zane, sauran fari ko shuɗi zalla, ya wadatar.

Yaya ake yin arashi, kuma wace sanda ake amfani da ita?

Wani mutumin Arimatsu, Suzuki Kanezo, shi ya ƙirƙiro shi wajen 1880, kuma a lokacin gungumen katako ne mai tsawon kusan mita 4, maza biyu ko fiye suna juya shi. Yanzu bututun roba na ruwa ya isa, mai faɗin santimita 10 zuwa 15. A naɗa yadin a karkace a jikin bututun, a bi shi da zare mai ƙarfi ana zagayawa da tazarar yatsa ɗaya, bayan kowane taƙi guda a tura yadin ƙasa ya tattare. In ana turawa ana murɗawa, layukan za su fito a karkace kamar ruwan sama da iska ke kaɗawa. Matsalarsa ɗaya ce: yadin da ya zagaya bututu fiye da sau biyu ko uku, na cikin ba ya samun rini. Ga labule mai faɗi, a rina shi tsiri-tsiri tela ya haɗa, yadda ake haɗa saƙi.

Ina son zane na musamman, kamar ganye ko dagi. Zai yiwu?

Wannan aikin nui ne. A zana hoton a yadi da allin tela. A Japan suna amfani da ruwan wani fure shuɗi, aobana, wanda ke ɓacewa da ya ga ruwa. A bi layin da ɗinkin tsalle, zare riɓi biyu mai ƙarfi, da babban ƙulli a farko. Kada a ja ko ɗaya sai an gama ɗinke duka. Sannan a yayyafa ruwa, a ja kowane zare har yadin ya taru ya yi tauri kamar kara, a ƙulle. In aka jera layukan ɗinki kusa da kusa, ana samun mokume, zane mai kama da jijiyar katako, wanda a wurina ya fi kowanne kyau a rigar filo. Wajen kwancewa a yi hattara da almakashi, nan ne ake huda aikin mako guda.

Na kwance, sai na ga duk ya yi shuɗi, ko kuma duk fari. Me ya faru?

Duk shuɗi: ɗaurin bai yi ƙarfi ba, ko an tsoma shi a bushe. Busasshen yadi zuƙar rini yake kamar lagwani, don haka a jiƙa ɗaurin a ruwan sanyi rabin awa a matse kafin tsomi. Duk fari: ninkin ya yi kauri, ko ba a buɗa bakin ninkin da yatsa ba lokacin da yake cikin ruwa da lokacin shan iska. In kuma shuɗin ya fito amma ya bi ruwan ɗauraya, ruwan rinin ne bai nuna ba, a koma ga alamomin da na faɗa a amsar haɗa ruwa.

Launin zai riƙa zuba ko shafar kaya?

Zai yi in ba a gama aikin ba. Wani baƙon maigidana ya taɓa jingina da filon da na rina, ya tashi da shuɗi a bayan farar rigarsa, ranar Juma'a kuwa. Laifina ne, ɗauraya ɗaya na yi. Abin da ke shafa shi ne shunin da ya kwanta a sama bai shiga zare ba. Bayan an kwance, a ɗauraye har ruwa ya fita fes, a jiƙa a ruwa mai ɗan binega don kashe kaifin laim, a bar shi ya kwana biyu a inuwa, sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu marar ƙarfi. A goga farin ƙyalle a kai, in ya ɗauki launi a sake wankewa. Gishiri ba ya kama shuni, kada a ɓata shi.

Daga nan wanki shi kaɗai, ba bilic, shanya a inuwa. Labulen taga mai kallon rana yana son a yi masa shafi da farin yadi a baya, kuma mai haske ya fi saurin koɗewa a kan mai duhu. Wanda za a ajiye a ninke a sa shi cikin akwati, don bakin ninkin da ke shan iska da haske yakan yi fari ya bar layi.

Yaya zan gane na hannu daga bugun inji idan zan saya?

A juya bayansa. Na gaskiya rini ya ratsa shi, gaba da baya kusan ɗaya ne, na inji kuwa bayansa fari-fari ne. A ɗaga shi a haske a nemi ƙananan hujin allura a bakin zane, a kuma duba ko akwai ɗigo biyu da suka yi daidai da juna sak, don hannu ba ya maimaita kansa haka. A Japan ba sa goge tudun da ɗauri ya bari, suna ɗaukarsa rabin kyan abin, har yanzu ma ana ɗaure foliyesta a gasa shi da tururi ya riƙe tudun dindindin, a yi rigar fitila da shi. Kimono, wato rigar gargajiyar Japan, da aka cika da kanoko tana iya ɗaukar ɗauri sama da 100,000, kowanne da hannu, aikin fiye da shekara. In an ce muku ga irinta a kuɗin atamfa, bugu ce.

Me zan yi da ragowar ruwan rini da guntayen ƙyalle?

Ruwan furaktos ba a zubar da shi bayan rana ɗaya. A rufe shi, ranar da za a sake aiki a ɗumama shi ya kai zafin da hannu zai iya jurewa, a ƙara cokali biyu na furaktos, in bai farfaɗo ba a ƙara ɗan laim. Yana iya kai watanni a haka, yana ba da shuɗi mai haske a ƙarshe. In ya mutu, a buga shi ya sha iska sosai, a sa binega, a zubar nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Guntaye kuwa a tara su a jaka. Manoman arewacin Japan sun daɗe suna jera irinsu a kan juna suna bin su da ɗinkin farin zare da ake kira sashiko, tun abin yana na talauci, ana ce wa irin wannan faci boro. Ƙyalle mai faɗin tafin hannu, riɓi uku, da layukan farin zare a jere, ya zama abin ɗora kofin shayi ko na sauke tukunya.